ZARE: Akwai kuɗin injin neman zinari, babu na na'urar da za ta ce wa yaro ya fito daga rami?

1/ Duk shekara in an gama cire albasa, samarin Aliero da Jega da Maiyama suna hawa mota su bi hanyar Koko zuwa wuraren haƙar zinari na ƙasar Yawuri, wasu har Zamfara. Yau a kansu zan yi magana, kuma raina a ɓace yake.

2/ Ɗan ƙanen babana yana cikinsu. Ruwa ya taru a raminsu, mai ramin ya sa aka saukar da injin jan ruwa mai shan fetur har ciki, wai tiyo bai kai ba. Su uku suka shiga. Shi an jawo shi da igiya a sume. Ɗaya daga cikinsu bai tashi ba. Allah Ya jiƙan shi.

3/ Da muka je gaisuwa, kowa abu ɗaya yake faɗi: kwana ne ya ƙare. Na yarda kwana ya ƙare. Amma wa ya ce a kunna inji a rami mai ƙofa ɗaya? Babu wanda ya tambaya. Mai ramin ya aiko da buhun shinkafa, bayan kwana biyu aiki ya ci gaba.

4/ Ni ɗalibi ne a jami'ar Aliero, ba wani injiniya ba tukuna. Amma abin da zan faɗa ɗan aji ɗaya ma ya san shi. Wuta abu uku take nema: abin da zai ci, iskar oksijin, da tartsatsi. A cikin rami biyun farko na iya haɗuwa ba ka sani ba. Na ukun kai ne kake shiga da shi a hannunka.

5/ Ina tartsatsin yake? A makunnin tocilar kasuwa. A wayar lantarkin da aka ɗaure da leda. A batirin mota da aka saukar don fitila. A filogin janareta. A sigari. Ƙyas ɗaya da ido ba ya gani ya isa, in tururin fetur ko wata iska mai kamawa ta taru.

6/ A ramin kwal, iskar metan ce dodon. In ta kai tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi kaɗan kawai take jira. Ba ta da launi, ba ta da wari. A 1812 ta tashi da mahaƙar Felling a Ingila, mutum 92 suka mutu, har da ƙananan yara.

7/ A 1815 Humphry Davy ya ƙera fitila wadda aka lulluɓe harshen wutarta da ragar waya. Ragar tana shanye zafi, wutar ba ta iya tsallakawa waje ta kunna iska. Ku lissafa da kanku: fiye da shekara 200 ke nan da aka fara maganin wannan matsala.

8/ Kayan yanzu jikokin wannan fitila ne, kuma za ku ga alamar Ex a jikinsu. Wasu an rufe su cikin gida mai kauri, ko wuta ta tashi a ciki ba ta fitowa. Wasu kuma an rage ƙarfin lantarkinsu har tartsatsinsu ba zai iya kunna komai ba. Akwai fitilar goshi, makunni, rediyon hannu, fanka.

9/ Na san wani zai ce, ai mu zinari muke haƙa ba kwal ba, ina ruwanmu da metan? Gaskiya ne, ramin zinari bai cika tara ta ba. Amma fetur fa? Tururinsa ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Ƙasan kuwa nan ne yaronka yake durƙushe da guduma.

10/ Sai hayaƙin inji. Kabon monoksaid shi ma ba ya wari. Ciwon kai, jiri, ƙafa ta mutu, shi ke nan. A Aliero muna alfahari da masu ɗori, karaya daga ko'ina nan ake kawo ta. Wanda hayaƙi ya shaƙe a ƙarƙashin ƙasa kuwa ba ya ma isowa wurinsu.

11/ Akwai na'ura kamar girman wayar hannu, ana maƙala ta a ƙirji. Tana auna oksijin, kabon monoksaid da iska mai kamawa. Iskar da muke shaƙa oksijin ɗinta kusan kashi 21 ne, in ya sauka ƙasa da 19.5 sai ta fara ƙara. Ƙarar nan ita ce "fito".

12/ Sai babban abin: nakiya. Ranar 16 ga Janairun 2024 unguwar Bodija a Ibadan ta girgiza, gidaje suka rushe, an rasa rayuka, sama da mutum 70 suka jikkata. Gwamna Seyi Makinde ya ce abubuwan fashewa ne da masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba suka ajiye a cikin gida.

13/ Waɗanda abin ya shafa ba su taɓa ganin rami ba, suna gidajensu. To ka tambayi kanka: nakiyar da ake fasa dutse da ita a dazukanmu, a ɗakin wa take kwana? A bayan babur ɗin wa take tafiya? Ƙa'ida ita ce ma'ajiya ta daban, nesa da mutane, kuma ba a haɗa ta wuri ɗaya da abin tayar da ita.

14/ "Kayan suna da tsada." Wannan ita ce amsar masu rami. To injin neman zinari kyauta aka ba ku? Injin niƙan dutse fa? Babura? Duk abin da zai ƙaro zinari ana samun kuɗinsa. Abin da zai dawo da ɗan mutane gida ne kaɗai ya yi tsada.

15/ Kuma rabin gyaran ko sisi ba ya ci. A bar inji a sama, a ƙara tsawon tiyo. Kada a sauka da jarkar fetur. In an fasa nakiya a jira hayaƙi ya fice. A tsayar da mutum ɗaya a bakin rami da igiya, ba wanda zai tafi shan shayi ba.

16/ Gwamnati ma ba ta tsira ba. A Yulin 2020 an kai wa Buhari sandar zinari mai kilo 12.5 ƙarƙashin shirin PAGMI, kuma Kebbi na cikin jihohin da aka fara shirin. Mun ga hotuna, mun yi murna. Hoton yaron da ya sauka rami da fitila mai alamar Ex ne nake jira har yau.

17/ Doka akwai ta. Dokar Ma'adinai ta 2007, dokar abubuwan fashewa ta 1964, ga sashen masu duba mahaƙai a ma'aikatar tarayya. Ma'adinai a hannun Abuja suke, shi ya sa jiha ke cewa ba huruminta ba ne. Amma gawar ba Abuja ake kai ta ba, Maiyama ake kawo ta.

18/ Masu cewa a rufe haƙar gaba ɗaya, ku duba Zamfara. An hana a 2019, an ɗage hanin a ƙarshen 2024. A tsakani ramukan ba su cike kansu ba. Yaron da ba shi da gona ba shi da jari zai tafi, da izini ko babu. Hani yana ƙara tura shi inda ba mai dubawa.

19/ Abin da nake nema ba shi da yawa. Duk wanda ke da rami, dole na'urar auna iska ɗaya a kowane rami, fitilar goshi ta gaskiya, hular kwano, da ma'ajiyar nakiya a wajen gari. Ƙungiyoyin mahaƙa su haɗa kuɗi su saya tare. Hakimai su daina karɓar wanda ya ƙi.

20/ Mu ɗalibai ma da namu laifin. Muna karanta wannan don cin jarrabawa, mu koma gida hutu mu yi shiru. Ni ma sai da aka yi mana rashi na buɗe baki. Wanda ya iya bayani ya yi wa ƙannensa da Hausa, a majalisa, kafin su hau mota.

21/ Malamanmu sun koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Mai rami da ya san haɗarin ya ƙi gyarawa, kada ya ɓuya a bayan ƙaddara. In kana da ɗan'uwa a rami, kira shi yau ka tambaye shi abu ɗaya: injin yana sama ko yana ƙasa? Ku tura wa na kusa.