Ɗan Gida Ma Yana Duka

A majalisun Maitumbi da ke Minna, duk ranar da 'yan daba suka kafsa ko aka kwashe samari a kamen dare, magana ɗaya ake komawa kanta: a ba mu 'yan sandan jiha, a ɗauki 'ya'yanmu, ɗan gida ba zai zalunci ɗan'uwansa ba. Ban yarda ba, kuma yadda maganar ta samu karɓuwa babu mai tuhumarta shi ne ya fi tayar mini da hankali.

Baƙaƙen fatar Amurka sun riga mu yin wannan buri. Sun daɗe suna neman a ƙara yawan nasu cikin kaki, a wasu birane kuma sun samu. A Janairun 2023, a birnin Memphis, 'yan sanda biyar suka lakaɗa wa Tyre Nichols dukan da ya yi ajalinsa bayan kwana uku. Su biyar ɗin duk baƙaƙe ne kamarsa, haka ma shugabar rundunar birnin, Cerelyn Davis. Mu nan tun 1964 da Louis Edet ya zama Sufeto Janar 'yan ƙasa ke riƙe da rundunarmu, wannan bai hana sashen 'yan sanda na SARS yin ta'asar da ta fito da matasa kan titi a Oktoban 2020 ba.

Za a ce ai baƙi ake turo mana daga wasu jihohi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Da gangan Turawa suka fara haka, lokacin da jami'insu Glover ya ɗauki Hausawa aikin tsaron Legas a shekarun 1860, don ba su da dangi a garin. Kuma jami'in da ba ya jin Hausa, ba ya jin Gbagyi, da wuya ya samu labarin 'yan bindiga daga bakin manomin Shiroro ko Munya.

To amma a tambayi dattawa labarin 'yan doka. 'Yan dokan En'e 'ya'yan gari ne, sun san ƙofar gidan kowa, sun san sunan uban kowa. Da wannan sanin aka riƙa farautar 'yan NEPU, mabiya Malam Aminu Kano, ana gurfanar da su gaban alƙali, ana ɗaure su saboda sun ƙi jam'iyyar masu mulki. Kowane ɗan doka ya san wanda ke ba shi albashi, ya san wanda zai iya tuɓe masa kaki, shi yake wa biyayya. Ba banza gwamnatin Gowon ta rushe su ta haɗe su da 'yan sandan tarayya ba. Yau in aka danƙa wa gwamna runduna, ko wane gwamna ne, ko ta wace jam'iyya, me zai hana a maimaita?

Kafin a tambayi ɗan wane gari za a ɗauka, a gaya mana inda uwa za ta kai kuka in aka karɓi kuɗin belin ɗanta, alhali an ce beli kyauta ne. A kafa hukumar da za ta iya korar jami'i ba tare da jiran izinin gidan gwamnati ba. A ba caji ofis man mota, don kada mai ƙara ya saya. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya muddin akwai kotu a tsakanin kilomita 40, kuma daga Maitumbi zuwa kotunan Minna tafiyar Keke Napep ce.