Wa Zai Karanta Mana Duwatsun Birnin Kudu?

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata dariya da muka saba yi a wannan jami'a wadda ya kamata mu ji kunyarta. Da zarar wani daga cikinmu ya ce in ya gama hidimar ƙasa zai koma ya yi digiri na biyu a ilimin kufai, wato binciken rayuwar mutanen da suka shuɗe tun kafin rubutu ya zo, sai ɗaki ya ɗauki shewa. Wannan ya ce tonon tsingaro, wancan ya ce tonon kabari, na uku ya tambaye shi ko a wace ma'aikata ake biyan albashin haƙa rami. Mu dai a ganinmu masu dariyar su ne abin tausayi, kuma hujjarmu tana nan tsaye a Birnin Kudu, cikin Jihar Jigawa.

A duwatsun da ke kewaye da garin, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, akwai zanen shanu da wasu mutane suka yi da jar ƙasa a jikin kogo. Kusa da su akwai duwatsun da in an buga suke amsawa kamar kuge. Bature Bernard Fagg ne ya bayyana su ga masanan duniya a shekarun 1950, daga baya gwamnati ta sanya su cikin kayan tarihin ƙasa. To, a dubi zanen da kyau. Da yawa daga shanun nan ba su da tozo. Duk yaron da ya taɓa bin garke daga Maruta zuwa Gwaram ya san saniyar ƙasarmu da tozonta take. Shanu marasa tozo sai dai muturu na kurmin kudu, ko kuri na bakin Tafkin Chadi. Ashe ke nan an yi zamanin da wasu irin shanu dabam suka yi kiwo a nan, a hannun wasu makiyaya, kafin masu tozo su mamaye ƙasar. Su wane ne makiyayan? Wane harshe suke yi? Ina suka nufa? Shekara kusan saba'in ke nan da rahoton Fagg, amma 'ya'yan ƙasar nawa ne suka ɗauki waɗannan tambayoyi a matsayin aikin rayuwarsu?

Masu tarihi za su ce ai muna da littattafai. Muna da su, amma ina suka tsaya? Tarihin Kano da aka rubuta ya soma jerin sarakuna ne daga Bagauda, wajen shekara ta 999, kafin nan kuwa sai ɗan labarin Dala da Barbushe. Labarin Bayajida kuma, wanda aka cusa mana tun muna firamare kamar karatun sallah, tun 1970 Abdullahi Smith ya nuna cewa ba zai iya ɗaukar nauyin asalin Hausawa ba. Abin da ya rage mana na dubban shekarun da suka gabaci waɗannan labarai yana ƙarƙashin ƙafafunmu: tsingaro, gawayi, kashin tama, ƙasusuwan dabbobi, da wannan gogaggen dutse da manomanmu ke tsinta a gona suna kiransa gatarin aradu, alhali kuwa hannun ɗan Adam ne ya sassaƙa shi. Burbushin narka tama da aka tono a Dala ya nuna ana aikin ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7, shekaru ɗaruruwa kafin Bagauda. Babu marubucin fada da ya gaya mana wannan. Ƙasa ce ta faɗa, ga wanda ya koyi jin maganarta.

Koyon jin maganar nan shi ne digiri na biyu. A digiri na farko ana ɗanɗana wa ɗalibi komai ne kaɗan-kaɗan. A na biyu ne ake ba shi wuri guda a ce ya tone shi da kansa, ya bi ƙasar hawa-hawa, ya san abin da ke ƙasa ya riga na sama, ya rubuta inda ya sami kowane ɗan guntu, ya aika gawayi a auna shekarunsa da awon kabon 14, sa'an nan ya tsaya gaban malamai ya kare abin da ya ce. Zanen Birnin Kudu ma abin da yake bukata ke nan. Jar ƙasa ba ta aunuwa da kabon kamar gawayi ko ƙashi, saboda haka sanin shekarun zanen sai an haɗa da binciken abin da ke binne a gindin kogon da kuma kufan da ke kewaye. Wannan aikin shekaru ne na mai haƙuri, ɗan yawon buɗe ido da kyamara ba zai yi shi da yamma ɗaya ba.

Da muka ƙi, wa ya yi? A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, a ƙasar Yobe ta yau, ya ci karo da kwalekwale mai shekara kusan 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. Da aka zo fito da shi a 1994, Jami'ar Maiduguri sai da ta haɗa hannu da Jami'ar Frankfurt ta Jamus. Babban binciken Nok da aka soma a 2005 su Peter Breunig ne suka jagorance shi, kuma a Frankfurt aka fara baje kolin abin da aka samu a 2013. Ba mu zargin Jamusawa da komai, sun yi aikinsu da kuɗinsu da gwanintarsu. Amma mu da muke cika zauren taro da jawabin la'antar mulkin mallaka, mu ne kuma muke jiran baƙo ya zo ya gaya mana shekarun kakanninmu, mu je ɗakin karatu mu kwafe da Turanci. Wanda ya bar gonarsa ba shuka ba shi da bakin ƙorafi in maƙwabci ya ci amfaninta.

Akwai masu cewa wannan ilimi tono gumaka ne da raya jahiliyya. Mu Musulmi ne kamar su, kuma mun san Alƙur'ani ya yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda al'umman farko suka ƙare. Mai auna tukunya ba bauta mata yake yi ba.

Maganar abinci kuwa, ba za mu yi wa kowa ƙarya ba: wannan hanya ba ta kai mutum ga kujerar kwastan. Amma akwai Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda doka ta kafa a 1979, akwai koyarwa a jami'a, kuma ana karanta fannin a Zariya da Ibadan da Nsukka. Ku kuma matasan ma'aikata da kuke rububin digiri na biyu a harkar mulki don kawai a ƙara muku mataki, ku tuna fayil ɗin izinin fasa dutse da na yanka filaye ta teburinku suke bi. Birnin Kudu na faɗaɗa, masu gini na neman tsakuwa, yara na rubuta sunayensu da gawayi a jikin kogo. Ofis in ya ƙone a sake gina shi, zanen da aka farfasa aka zuba a kankare kuwa ya tafi ke nan.

Don haka muna kira ga hukumar ba da tallafin karatu ta Jigawa ta ware gurabe a kowace shekara don digiri na biyu a wannan fanni, a fara da 'ya'yan Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda suka san hanyar duwatsun kuma dattawan wurin za su saki jiki su yi musu magana. Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa su mai da duwatsun nan filin koyar da ɗalibai a kowane rani. Ƙungiyarmu kuma, wadda ba ta rasa kuɗin hayar mota in za a je bikin rantsar da shugabanni, ta ɗauki mota ɗaya a hutun da ke tafe ta kai mu Dutsen Habude, masu dariyar nan su zauna a kujerun gaba.