FILIN MATA: Alkawarin Ƙasashe A Kan Cinikin Mutane

Ran Litinin da ta wuce ina cikin koyar da labarin ƙasa sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, na ji an ce a rediyo ƙasarmu ta sa hannu a takardar hana cinikin mutane. Ashe har yanzu ana sayar da mutum?" Na ba ta amsa gwargwadon hali, amma da na koma gida sai na ga maganar ta fi ƙarfin aji guda. Don haka na kawo ta nan.

I, ana yi. Ba a dai kasa bayi a kasuwa kamar dā, amma ana ɗauko yarinya daga garinsu da daɗin baki, a kai ta inda ba ta san kowa ba, a sa ta aikin da ba ta da ikon bari, wani kuma yana cin guminta. Da yake masu wannan sana'a suna ƙetare iyaka, doka kuwa a bakin iyaka take tsayawa, ƙasa guda ba ta iya maganinsu. Shi ya sa ƙasashe suka taru suka ƙulla alkawari, watau abin da ake kira yarjejeniya.

An fara ne a birnin Faris cikin 1904. Waɗansu ƙasashen Turai suka yarda za su sa ido a tashoshin jirgin ƙasa da na jirgin ruwa saboda 'yan matan da ake yaudara a fitar da su don karuwanci. Amma fa matan Turawa aka nufa, har sunan takardar ma ya faɗi haka. Sai cikin 1921, a birnin Janiba, aka cire maganar launin fata, aka ce mata da yara, ko wane iri ne. Cikin 1926 aka yi ta hana bauta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi wata ran 2 ga Disamba, 1949, wadda ta ce a hukunta mai jan mace zuwa karuwanci ko da macen ta yarda. Ta 1956 kuwa ta shigo har cikin gida. Ta hana riƙe mutum yana bauta saboda bashi, ta hana a ba da mace aure don kuɗi alhali ba ta da ikon cewa a'a, ta hana a gaje mace kamar kaya in mijinta ya mutu.

Wadda aka fi aiki da ita yanzu ita ce ta shekarar 2000, wadda aka buɗe sa hannunta a Falermo, wani birni na ƙasar Italiya. Ta fara aiki ran 25 ga Disamba, 2003, ƙasashe fiye da 170 sun shiga. Nijeriya ta tabbatar da ita cikin 2001, Nijar cikin 2004, Kamaru cikin 2006, Cadi cikin 2009, Gana cikin 2012, Sudan cikin 2014.

To, yaya ƙasa ke shiga? Ku ɗauka kamar neman aure ne. Wakilin ƙasa ya sa hannu, wannan kamar an kai gaisuwa ke nan, an nuna ana so. Sa'an nan gwamnati ta tabbatar, ta aika da takarda ga Majalisar Ɗinkin Duniya, wannan shi ne ɗaurin aure, daga nan nauyi ya hau kanta. Wadda ba ta zo ran sa hannu ba tana iya shiga daga baya, nauyinsu ɗaya. Har ila yau da saura. A Nijeriya, tsarin mulki na 1999 ya ce yarjejeniya ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mai da ita doka. An yi haka cikin 2003, aka kafa hukumar NAPTIP don kama masu wannan ciniki da taimakon waɗanda aka cuta, aka kuma sake dokar cikin 2015 aka ƙara mata ƙarfi. Nijar ta yi tata cikin 2010.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne yadda takardar Falermo ta bayyana laifin. Abu uku ne. Na ɗaya, a ɗauko mutum, ko a yi jigilarsa, ko a ɓoye shi, ko a karɓe shi. Na biyu, a yi haka da ƙarfi, ko tsoratarwa, ko yaudara, ko a ba mai iko da shi kuɗi. Na uku, nufin shi ne a ci amfaninsa ta aikin tilas, ko karuwanci, ko bauta, ko cire wani sashe na jikinsa. In an yaudari mace, cewa "ai ita ta yarda" ba ya wanke mai laifi. In kuwa yaro ne ko yarinya da ba su kai shekara 18 ba, ba a ma neman na biyun. Ko ba a yi ƙarya ba, ko uwa ta yarda, laifi ya tabbata muddin don a ci guminsu aka ɗauke su.

Watakila wata ta ce, "Malama, takarda ce kawai, me za ta yi wa talaka?" Ku ji labarin Hadizatu Mani ta ƙasar Nijar. Cikin 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita jika 240 na kuɗin sefa. Ta yi shekara 9 tana bauta. Cikin 2005 ubangidan ya ba ta takardar 'yanci, amma ya ce ai matarsa ce, ba inda za ta. Da ta auri wanda take so, sai ita aka yanke wa ɗaurin wata 6, wai ta yi aure kan aure. Ba ta haƙura ba. Ta kai ƙarar gwamnatin ƙasarta gaban kotun ƙasashen Afirka ta Yamma, watau kotun ECOWAS. Cikin Oktoba, 2008, kotun ta zauna a Yamai ta ce gwamnati ta kasa kare ta daga bauta, ta biya ta diyyar sefa miliyan 10. Da me alƙalan suka kafa hujja? Har da waɗancan tsofaffin takardu na hana bauta. Alkawari kaya ne, wanda ya ɗauka ana iya tambayarsa.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Takardar da ke Falermo ba ta ganin abin da ke faruwa a zaurenmu. Mu ke gani. Mu ne dillaliya ke yi wa sallama da turmin atamfa, ta ce a ba ta yarinya ta kai ta birni aikatau, ko ta ce ta samo mata aiki a ƙasar waje, kuɗin jirgi ma ita za ta biya. Ban ce riƙo laifi ba ne, yawancinmu gwaggo ko inna ta riƙe mu, ta sa mu makaranta, ta aurar da mu. Amma kafin ki ba da 'yarki, ki tambaya. Gidan wa za a kai ta, a wace unguwa? Wa zai karɓi ladan aikinta? Za ta ci gaba da karatu? Yaushe za ta zo ganin gida? In kin ga ana kwana-kwana wajen amsa, ki riƙe 'yarki, ko da tuwon dare babu miya.

Ku kuma 'yan makaranta, kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Duk wanda ya ce kada ki gaya wa iyayenki, ko ya ce shi zai riƙe miki fasfo, ko ya ce ki yi rantsuwa za ki biya bashin tafiya in kin isa, ki guje shi. Da yawa sun bi hanyar Agadas zuwa Libiya a kan irin wannan magana, waɗansu har yau ba labarinsu. Ki gaya wa malamarki, ko mai unguwa, ko a kai magana ga 'yan sanda ko NAPTIP.

Ran 30 ga Yuli ta kowace shekara ita ce ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe don tunawa da wannan yaƙi. Ina roƙon kowace mai karatu, kada ta jira ranar, ta karanta wa maƙwabciyarta wadda ba ta yi boko ba wannan shafi. Allah ya tsare mana zuriya, amin. Sai mako mai zuwa.

Taku,
Malama