Kafin ki taɓa waya, ɗauki biro

Kin iya dambun nama, kin rubuta yadda ake yin sa kin saka a intanet, amma shiru kake ji, ba mai karantawa balle mai yin oda. Sau da yawa laifin ba na girkin ba ne, na tsarin rubutun ne.

Fara da tambayar da mai nema za ta rubuta a Google. Ba za ta rubuta "Sirrin kicin ɗina" ba, "yadda ake dambun nama" za ta rubuta. Gwada da kanki: rubuta "yadda ake" a wurin bincike, ki ga abin da Google zai ƙarasa miki. Irin waɗannan kalmomi mutane ke nema, su za ki sa a kanun rubutunki da layin farko.

Sannan ki jera abubuwa huɗu a takarda: kayan haɗi da awonsu, matakai ɗaya bayan ɗaya, kuskuren da ke sa dambu saurin lalacewa, wato sauke shi bai gama bushewa ba, sai yadda ake ajiya. Ko yaro ya farka da kuka kin ajiye waya, kina dawowa kin san inda kika tsaya.

Kada ki zuba bayanin duka a jikin hoto. Buga shi da haruffa, shi Google ya fi ganewa. Kuma kowane rubutu girki ɗaya, kilishi ya jira tasa ranar.

Sai mun haɗu mako mai zuwa, a gaida yara.