Kafin ka sayi tayar babur, karanta gefenta

A unguwar Kara-Kara, kamar sauran unguwannin Damagaram, babur ya zama jakin zamani. Da shi ƴan kabu-kabu ke neman abinci. Da shi ake kai majinyaci asibiti. Da shi manomi ke ɗauko buhun gero daga ƙauye zuwa kasuwar Dole. Sai dai mai babur yakan kula da mai da inji, ya manta da taya, alhali wurin da take taɓa ƙasa bai kai tafin hannu ba. A kan wannan ɗan wuri rayuwar direba da ta fasinja take.

A ganina, kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen taya don araha kawai. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Taya tana ɗauke da bayaninta a rubuce a gefenta, kuma duk wanda ya san lambobi zai iya karanta shi.

Na farko, girma. Idan ka ga 2.75-17, lambar farko faɗin taya ce, ta biyu kuwa girman ƙarfen ƙafar da za ta hau. Ka sayi girman da kamfanin babur ya ƙayyade. Taya mai faɗi fiye da kima takan sa babur ya yi nauyin juyawa a kwana.

Na biyu, shekaru. Tun daga 2000, kamfanoni da yawa suna buga lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali, 3522 na nufin mako na 35 na shekarar 2022. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, balle a ƙasarmu inda zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40. Tayar da ta daɗe a rana ƙofar shago takan bushe ta tsattsage. Wadda ta wuce shekara 5 tana buƙatar dubawa sosai, komai kyan zanenta.

Na uku, nauyi. Alamar 4PR ko 6PR tana nuna ƙarfin jikin taya. Mai ɗaukar buhuna ko rake, 6PR ta fi dacewa da shi a baya. Idan kuma akwai kibiya, a ɗaura tayar ta riƙa juyawa inda kibiyar ta nuna.

Bayan karatu sai tunani: wace hanya kake bi kullum? Mai yini kan kwalta, kamar hanyar Mirya, ya nemi taya mai ƙananan zane. Ta fi laushin tafiya, ta fi kama kwalta. Mai shiga lungunan duwatsu da tsakuwa, ko rairayin hanyoyin gona, ya nemi mai manyan haƙora. Amma ya sani, a kan kwalta haƙoran nan suna saurin cinyewa. Haka kuma roba mai tauri ta fi daɗewa, mai taushi ta fi kama ƙasa. Babu tayar da ta haɗa duka. A gaba dai kada a yi rowa, domin ita ke riƙe akalar babur. Idan ta zame, faɗuwa ba ta jiran shawara.

Zanen taya ba ado ba ne. Shi ke korar ruwa daga ƙarƙashinta a damina. A gefe akwai alamar TWI ko ɗan kusurwa uku, daidai wani ɗan tudu a cikin ramin zanen. Idan taya ta cinye ta kai tudun nan, aikinta ya ƙare.

Wani zai ce kuɗi ne babu, shi ya sa ake sayen ta hannu. Gaskiya ne, rayuwa ta yi tsada. To amma a yi lissafi: kuɗin faci, da yinin da aka rasa wurin mai faci, da kuɗin ɗorin karaya, da iyalin da za su zauna ba cefane. Ɗan kabu-kabu da ke ajiye dala 20 kullum, ko ya shiga adashe da abokan sana'a, ba zai rasa sabuwar taya ba ran da ya buƙace ta.

A ƙarshe, iska ita ce ran taya. A auna ta da ma'auni kowane mako, da safe kafin taya ta yi zafi. Matsawa da yatsa ba awo ba ne. Ƙarancin iska na sa taya ta yi zafi, ta ci gefe, babur ya ƙara shan mai. Yawan iska kuma na cinye tsakiyarta, ya rage kamun ƙasa. Wanda ya rage iska don rairayi, ya mayar da ita idan ya hau kwalta.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna kusan mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Rigakafi ya fi magani. Mu karanta, mu karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya kiyaye hanya, amin.