Zumunta A Ƙafa Take: Ikilisiya Da Maƙwabtanta A Arewacin Zamfara

Duk lokacin da na gaya wa abokaina Musulmi cewa mu ma a coci almajirai ne, sai su yi murmushi, su ɗauka barkwanci nake yi. Alhali kuwa gaskiya ce tsantsa. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya taka babbar rawa a cikinsa, kalmar da aka zaɓa wa mabiyan Yesu Almasihu ita ce almajirai. Taron ibadarmu na Lahadi sujada muke kiransa, abin da mai hidima ke gabatarwa wa'azi ne, Wanda muke roƙo kuwa Allah muke ce masa. Na fara da wannan ne domin mai karatu ya gane cewa jama'ar da zan yi magana a kanta ba daga wata uwa duniya ta faɗo ba.

A Ƙaura Namoda aka haife ni, mahaifina kuma ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Idan ba a manta ba, a 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya tuƙe a Ƙaura, domin kwasar gyaɗa da auduga da fatu. Tare da jirgin ne akawuna da kafintoci da 'yan kasuwa suka zo daga Kudu, kuma duk inda suka sauka sai sun nemi wurin yin addu'a. Da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a garin a 1983, sai malamai da ɗalibai daga Kudancin Kaduna da Filato da ƙasar Zuru suka ƙara yawanmu. A Shinkafi da Zurmi kuwa, ƙananan ikilisiyoyin da ke can galibi na 'yan kasuwa ne da malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da jami'an tsaro. Ashe ke nan jama'ar da ta doshi shekara ɗari a wuri ta wuce a kira ta baƙuwa.

Wanda bai taɓa shiga ba zai ɗauka sujada waƙa ce da tafi kawai. Lalle akwai waƙa, musamman idan 'yan Zumuntar Mata suka tashi da tulunansu da anko. Akwai karatun Littafi da wa'azi da baiko. Amma a wurina, zuciyar taron ita ce lokacin sanarwa, sa'ad da magatakarda zai miƙe ya karanta wanda aka yi wa haihuwa, da wanda ke kwance a asibiti, da wadda aka yi wa rasuwa, sannan a tsayar da waɗanda za su je gaisuwa. A nan ne taron jama'a ke zama dangi. Abin takaici, a shekarun baya-bayan nan wani sabon babi ya shigo cikin sanarwar, wato sunayen waɗanda ke hannun 'yan bindiga a daji, da roƙon gudummawar kuɗin fansa.

Ba sai na tsawaita kan halin da yankin ya shiga ba. A watan Yunin 2021 an kashe fiye da mutum 50 a Kadawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita a Ƙaramar Hukumar Zurmi. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a faɗin jihar, gwamnatin Bello Matawalle kuma ta rufe kasuwannin mako, ciki har da shahararriyar kasuwar Shinkafi. A watan Nuwamba rundunar 'yan sandan jihar ta tabbatar da ɓullar wata wasiƙa mai barazana ga majami'u. A watan Yulin 2025 kuma aka hallaka fiye da mutum 30 da aka sace daga ƙauyen Banga na Ƙaura Namoda, bayan an biya fansa.

A daidai wannan gaɓa ya zama wajibi in faɗi gaskiya a matsayina na Kirista. A watan Oktoban 2025 Shugaba Donald Trump na Amurka ya sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ake tauye 'yancin addini, bisa zargin kisan Kiristoci. Ba zan taɓa raina jinin da aka zubar a Binuwai da Filato da Kudancin Kaduna ba. Amma a arewacin Zamfara, mafi yawan waɗanda aka binne Musulmi ne, manoma talakawa, wasu ma daga masallaci aka kwashe su. Kiristan da ya rufe ido ga wannan ya yi shaidar zur, Musulmin da ya ce tsoron da 'yan tsiraru ke ji ƙirƙira ce shi ma bai yi adalci ba. Ruwa ɗaya ne ke dukanmu, sai dai mai ƙaramar bukka ya fi saurin jiƙewa.

Illar wannan hali ga ikilisiya a fili take. Magidanta da dama sun mayar da iyalansu garuruwansu na asali, addu'ar kwana ta zama tarihi a wurare da yawa, fastocin da ke zagaya ƙananan rassa kuma sai sun yi dogon tunani kafin su hau hanyar Shinkafi ko ta Zurmi. A irin wannan yanayi jaraba biyu ke tasowa. Ta farko ita ce mu ɗaga katanga, mu kulle ƙofa, mu riƙa kallon kowane maƙwabci da zargi. Ta biyu ita ce mu bi masu wa'azin arziki nan take, waɗanda ke sayar wa mai firgici alkawarin tsira gwargwadon nauyin baikonsa. Duka biyun sun saɓa wa almajiranci, domin almajiri mai koyi ne da halin malaminsa, Malaminmu kuwa bai ɓuya daga jama'a ba, bai kuma sayar da addu'a ba.

Na ga ainihin almajiranci da idona a watannin da aka katse waya. Wani dattijon ikilisiyarmu, tela ne, ba shi da digiri a ilimin tauhidi, ya riƙa hawa kekensa kowace yamma yana bi gida gida, ya karanta aya, ya yi addu'a, ya ji wanda tukunyarsa ba ta hau wuta ba, ya kai labari ga mai hali. A cikin waɗannan kwanaki mahaifiyata ta rasu. Kafin 'yan'uwanmu na nesa su samu labari, matan unguwa Musulmi sun cika tsakar gida da kunu da tuwo, limamin unguwa kuma ya zo ya zauna da mu a kan tabarma. Ya dafa ni ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri, uwa muka rasa mu duka." Ranar na fahimci abin da Hausawa ke nufi da cewa zumunta a ƙafa take.

Saboda haka ina kira ga shugabanninmu, na Katolika da Angilika da ECWA da Baftis da sauransu, da su mayar da hankali ga gina mutane fiye da gina bango. A horar da dattawa da mata da matasa yadda za su iya jagorantar nazarin Littafi a gidaje ko da fasto bai iso ba. A riƙe sujada da Hausa, domin ita ce harshen da 'ya'yanmu ke wasa da shi a titi. Sannan a buɗe akwatin taimako ga wanda ba namu ba. A 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Shinkafi da Zurmi, ta tarar kusan ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Ikilisiyar da ke karanta misalin Basamariye mai tausayi kowace shekara ba ta da hujjar tambayar addinin yaro kafin ta miƙa masa koko.

Ga 'yan'uwana Musulmi da hukumomi kuma, tunatarwa ce kawai. Kun fi ni sanin tarihin sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha, inda sarki Najjashi, a ƙasar Kiristoci, ya ba su mafaka. Sa'ad da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999, an tabbatar wa waɗanda ba Musulmi ba cewa ba za a taɓa haƙƙinsu ba, sashe na 38 na tsarin mulkin ƙasa kuma ya ba kowa 'yancin yin addininsa. Cika wannan alkawari ba ya bukatar kasafin biliyoyi. A saurari koken da ƙungiyar CAN ta daɗe tana yi kan wahalar samun fili da takardar mallaka ta wuraren ibada. A sa wakilan majami'u cikin tarurrukan tsaro a fadojin sarakunan Ƙaura da Shinkafi da Zurmi. Malamai kuma su ci gaba da jan kunnen matasa kan ɗaukar doka a hannu, domin ba mu manta da mutum takwas da suka halaka a Talata Mafara a watan Agustan 2016 bayan zargin ɓatanci ba.

Daga ƙarshe, duk ranar da malamar asibiti ko malamin lissafi ko mai shagon magani ya ɗaure kayansa ya bar Zurmi saboda ba ya jin shi ɗan gari ne, ba coci kaɗai ta yi rashi ba, gari ne ya ragu. Mu Kiristoci mu fita daga katanga mu je gaisuwa, maƙwabtanmu kuma su riƙe mu da amana kamar yadda iyayensu suka riƙe iyayenmu. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya zaunar da Zamfara da Nijeriya lafiya. Amin.