Tuban Shugabannin Cocin Ingila da Bashin da Ya Saura

 

Ranar 12 ga watan Nuwamba na shekarar 2024 wani al'amari ya auku a ƙasar Ingila wanda ya kamata malamai da fatake su ji labarinsa, ko da ya ke cikin gidan Nasara ya auku. Babban Limamin Kantabari, Justin Welby, ya sanar da jama'arsa zai sauka daga kujerarsa, ya ce kunya ta daɗe tana cinsa saboda yadda cocinsu ya kasa tsare yaran da aka ba shi amana. Kujerar nan kuwa ba ƙarama ba ce. Tun shekarar 597 ta Miladiyya aka kafa ta, shi ne na 105 da ya hau ta, kuma mai ita shi ke aza wa Sarkin Ingila kambi ranar naɗi. Daga wannan coci ne 'yan mishan na Wusasa, kusa da Zariya, suka fito. Saboda haka ba kowace iska ke tayar da mutum daga irin wannan mazauni ba.

Asalin maganar wani mutum ne, John Smyth. Shi ba limami ba ne, babban lauya ne mai baki a kotu, kuma shi ne shugaban wata ƙungiya wadda ke tara samari 'ya'yan manya daga makarantun kwana lokacin hutu, a kai su sansani a yi musu wa'azi. Daga wajen ƙarshen shekarun 1970 ya shiga jawo waɗansu daga cikinsu zuwa gidansa, kusa da birnin Wincesta. Yana da wani ɗan ɗaki a lambun bayan gida. Nan ya kan sa su tuɓe, ya yi ta zuba musu sanda har jini ya kwarara, yana ce musu wai kankarar zunubi ce, wai haka uba na ruhi ke yi wa ɗan da ya ke ƙauna. Samarin kuwa, don ganin girmansa da tsoron Allah da ya cusa musu, suka yi ta kai kansu.

A farkon shekarar 1982 ɗaya daga cikinsu ya nemi ya kashe kansa, sa'an nan maganar ta kai kunnen manya. Wani limami, Mark Ruston, ya tambayi samarin, ya rubuta abin da ya ji. Cikin takardarsa akwai lissafin cewa samari takwas sun sha sanda wajen 14,000 a tsakaninsu, biyu daga cikinsu sun sha wajen 8,000 cikin shekara uku. Ya kuma rubuta a sarari cewa dokar ƙasa ta ɗauki wannan aiki laifi ne. Watau tun 1982 ba sauran shakka, ba sauran a ce ba a sani ba.

To, me manyan suka yi? Takardar ta zaga hannun mutane kaɗan, suka karanta, suka ninke. Ba wanda ya kai ta ga 'yan sanda. Hujjarsu ita ce idan zancen ya fita aikin Allah zai ɓaci, sunan ƙungiya zai zube. Aka raba Smyth da sansanin a asirce. A shekarar 1984 ya tattara iyalinsa ya ƙaura Zimbabuwe, alhali akwai waɗanda suka san halinsa sarai, har gudummawar kuɗi ta riƙa binsa daga Ingila. Can ya sake kafa sansanin samari, ya koma aikinsa na da. A watan Disamba 1992 aka tsinci gawar wani yaro ɗan shekara 16 cikin kwamin wanka na sansaninsa. A 1993 wani lauya na Bulawayo, David Coltart, ya tattara ƙorafin iyaye da limaman garin ya rubuta. Daga baya aka gurfanar da Smyth gaban shari'a, amma shari'ar ta shiririce ba ta kai ga hukunci ba. A 2001 ya sake ƙaura zuwa Afirka ta Kudu.

Labarin ya isa fadar Welby a 2013, shekarar da ya hau kujera. Shi kansa yana saurayi ya taɓa aiki a sansanin nan na Ingila, ya san Smyth, ko da ya ke ya ce bai san abin da ke gudana ba sai a wannan shekara. Ya ce an gaya masa an riga an sanar da 'yan sanda, sai ya ɗauka magana ta kama hanya, bai bi sawu ba. Aka yi shiru shekara huɗu, sai da gidan talabijin na Channel 4 ya tona asirin a Fabrairu 2017. Smyth ya mutu a birnin Kef Tawun a watan Agusta 2018, ba a taɓa yanke masa hukunci ba. Sai ranar 7 ga Nuwamba 2024 binciken da cocin ya ɗora wa Keith Makin ya fito, ya ce waɗanda abin ya shafa a Ingila wajen 30 ne, a Afirka wajen 85, kuma mai yiwuwa adadin ya fi haka nesa. Ya ce da an kai maganar ga hukuma yadda ya kamata a 2013, da wataƙila an kama mutumin yana da rai.

Ga tarihin ke nan a taƙaice. Abin dubawa shi ne mene ne darajar wannan neman gafara.

Gaskiya ce a faɗi, sauka daga mulki don laifin sakaci abu ne da ba a cika gani ba, ko cikin malamai, ko cikin sarakuna, ko cikin shugabannin kasuwa. Welby bai doki kowa ba. Laifinsa ya ji bai bi sawu ba, ya kuwa amsa wannan laifi da bakinsa gaban duniya. Wannan kam a ba shi. Amma kuma a tuna ranar da binciken ya fito ya nemi gafara, ya ce ya yi shawara ba zai sauka ba. Sai da dubban mutanen cocin suka sa hannu a takardar neman ya tafi, wata shugabar limamai ta Niyukasil ta faɗi haka a fili, kana bayan kwana biyar ya sauka. Cikin Disamba kuma, da ya tashi yin bankwana a Majalisar Dattawan Ingila, sai ya sa barkwanci a ciki, har da labarin wani magabacinsa da aka fille wa kai a 1381. Waɗanda aka zalunta suka ji zafin wannan ƙwarai, washegari ya sake neman gafara kan neman gafarar. Mai hankali ya san bambancin wanda ya kawo kansa da wanda aka ritsa.

Malamai sun san sharuɗɗan tuba tun suna almajirai: nadama bisa abin da ya wuce, da barin aikin nan take, da ƙudurta rashin komawa. Idan laifin tsakanin bawa da Ubangijinsa ne, waɗannan sun isa. Idan kuwa akwai haƙƙin ɗan Adam a ciki, sai an ƙara na huɗu, shi ne mayar da haƙƙi ga mai shi, ko neman ya yafe da yardar ransa. Nan ne mafi yawan tuban shugabanni ke yin tuntuɓe, domin na ukun farko da harshe a ke nuna su, na huɗun kuwa sai da aljihu da tattaki. Shugaba ya hau mumbari ya ce da jama'a su yafe, jama'a su share hawaye su ce sun yafe. To, wa ya ba su ikon yafewa? Wanda ke zaune kan benci bayansa lafiya lau ba shi da abin yafewa. Mai tabo a jiki shi ne mai bashi, shi kuwa galibi ba ya cikin ɗakin, ya daɗe da barin zuwa.

Bashin nan kuwa mafi yawansa ba a Ingila ya ke ba. Duk wanda ya yi lissafi zai ga cikin kowane mutum huɗu da sandar Smyth ta taɓa, kusan uku a Afirka su ke, kuma dukansu bayan 1982 aka doke su, watau bayan manya sun sani. Fatake sun fi kowa gane wannan. Mutum yana da doki mai harbi, ya san aibinsa, ya riga ya karya ƙafar bara a gidansa. Maimakon ya bayyana, sai ya kai shi wata kasuwa mai nisa inda ba a san shi ba, ya yi shiru, har ya raka shi da yabo. A fiƙihun Malikiyya wannan shi ne mai ɓoye aibi, kuma idan dabbar ta halaka saboda aibin da ya ɓoye, hasara a kansa ta ke, ba a kan mai saye ba. Idan haka shari'a ta tsananta kan doki da buhun gero, ina ga wanda ya ɓoye aibin mutum ya bar shi ya tafi cikin 'ya'yan mutane? Limaman nan ba su ɗauki sanda ba, amma sun ba kura ajiyar nama, sun kuwa san kura ce. Abin da ya fi ciwo, sun kawar da ita daga garkensu ne kurum, ba su damu da garken da za ta faɗa ba.

Za a sami mai cewa ai rufin asiri abin yabo ne, addini ya yi umurni da suturta mai laifi. Haka ne, amma kowane abu da muhallinsa. Suturar da aka yaba ita ce ta wanda ya zalunci kansa a ɓoye, cutarsa ba ta ƙetare shi ba. Wanda cutarsa ke bin mutane, gargaɗi a kansa nasiha ce wajiba, malamai ma sun fitar da shi daga babin giba, kamar yadda suka fitar da faɗin gaskiya ga wanda ya zo shawarar aure ko ta haɗa jari. Abin da manyan cocin suka suturta ba Smyth ba ne, sunan kansu ne. Suka ce suna tsare aikin Allah, ashe sun ajiye wa kansu abin da zai fashe bayan shekara 42 ya tafi da shugabansu. Sunan da suka ji wa tsoro ya ɓaci ninki goma, ga kuma yara 85 a kan lissafin.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ciwo na Nasara ne su kaɗai. In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, a kan shafa wa nasa ruwa. A watan Satumba 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa, cikin Kaduna, mai kiran kansa makarantar gyaran hali, suka fito da mutane wajen 300, manya da yara, waɗansu da mari a ƙafa, waɗansu da tabon bulala a baya. Wata bai cika ba aka sami irinsa a Daura. Gidajen nan ba a daji su ke ba, da maƙwabta, da masallaci kusa, da masu wucewa. Iyaye da hannunsu suka kai 'ya'yansu, don sun ji an ambaci sunan addini. Malaman da suka gabata kuwa ba su bar wannan ƙofa a buɗe ba. Muhammadu ɗan Sahnunu na Ƙairawan, tun ƙarni na uku na Hijira, ya iyakance horon malami ga almajiri da bulala uku, kada ya wuce sai da izinin uba, kuma ko da izini kada ya haura goma. Wanda ya ga an wuce wannan iyaka nesa ya yi shiru don kada a zagi makarantar allo, hujjarsa ɗaya ce da ta limaman 1982, harafi da harafi.

Game da sharaɗi na uku da na huɗu, cocin Ingila ya yi wani abu, bai gama ba. A 2023 ya ware fam miliyan 150 domin biyan diyya ga waɗanda aka zalunta a ƙarƙashinsa. Amma a Fabrairu 2025, da aka kawo wa babbar majalisar cocin shawarar a cire sha'anin tsaron yara dungum daga hannun limamai a danƙa wa waɗanda ba su ƙarƙashinsu, majalisar ta zaɓi rabin hanya, ta bar ma'aikatan larduna inda su ke. Wanda ya ƙudurta ba zai koma ba ya kan miƙa mabuɗin sito ga wani, ba ya riƙe ɗaya a aljihu. A wannan wata kuma Babban Limamin Kef Tawun, Thabo Makgoba, ya nemi gafara bayan nasu binciken ya nuna gargaɗi ya iso musu daga Ingila a 2013, ba su isar da shi yadda ya kamata ba.

Makin ya ba da shawara a yi wa abin da ya faru a Zimbabuwe bincike nasa na musamman, gama nasa binciken ya fi ƙarfi ne kan Ingila. A shekarar 2025 waɗansu mutanen Zimbabuwe waɗanda suka sha sandar Smyth suna yara suka ɗauki lauyoyi a Ingila suna neman haƙƙinsu. Cikinsu akwai mahaifiyar yaron nan da aka tsinci gawarsa cikin ruwa, shekara 33 ke nan da rasuwarsa a lokacin da ta shigar da kokenta.